Filin Tambayi Bakanike: Wane inji ya dace da 'yar ƙaramar motar gudu ta haɗin hannu?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka shigo mana kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato maganar haɗa 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu, mara nauyi, ba AC ba tarkace, wadda mutum zai hau titi da ita ya ji daɗin tuƙi, kuma duk inda aka je aka dawo tambayar ita ce wane inji za a ɗora. Shi ya sa na tattara su waje ɗaya.

Tambaya: Malam barka da ƙoƙari. Ni mai walda ne kuma na daɗe ina son in haɗa mota irin Lotus Seven ɗin nan da hannuna, shasi na bututun ƙarfe, inji a gaba, tayoyin baya su ja. Abokaina kowa da abin da yake faɗa min, wani ya ce Toyota 4A-GE, wani ya ce Honda K20, wani kuma ya ce in daina wasa kawai in sa V8 na LS na kamfanin Chevrolet in huta. Dan Allah wanne ne gaskiya?

Amsa: To ɗan'uwa, kafin mu taɓa sunan inji ko ɗaya bari mu fara da ita motar da kake son kwaikwaya. Colin Chapman ya fito da Lotus Seven a 1957, kuma ta farkon injin Ford ne a cikinta mai cc 1,172, ƙarfinsa bai wuce doki 40 ba, amma har yau ana maganarta, kamfanin Caterham da ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973 bai daina yin ta ba. Sirrin ba a inji yake ba, a rashin nauyi yake. Caterham ɗin ma suna da wata da suke ce wa Seven 170, injin Suzuki ne ɗan cc 660 mai silinda uku da turbo, doki 84 kacal, amma motar gaba ɗayanta kilo 440 ce. Lotus Elise ta farko da ta fito a 1996 doki 118 gare ta da nauyin kilo 725, kuma tana kai gudun kilomita 100 cikin wajen daƙiƙa 6.

Yi lissafin da kanka ka gani. A ce motarka ta tashi a kilo 600 ka sa mata inji mai doki 130, kowane tan ɗaya ya samu doki kusan 217 kenan, to motar gida mai kilo 1,500 sai ta samu doki 325 kafin ta kamo ka. Kuma ita mai nauyin ko ta kamo ka a miƙaƙƙen titi, da an zo kwana ko wajen taka birki nauyinta zai tona mata asiri, don nauyi ba ya ɓuya. Shi ya sa kullum nake cewa wanda zai haɗa irin wannan motar, doki 120 zuwa 170 ya ishe shi har ya yi yawa a farko.

Abu na biyu da abokan naka ba su faɗa maka ba, kuma wallahi shi ne ke kwantar da yawancin irin wannan aikin a bar shi ƙura na cin sa, shi ne giyabos. Kai inji a gaba kake so tayoyin baya su ja, wato injin zai kwanta a tsaye ne daga gaba zuwa baya, giyabos a bayansa, sannan farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi baya, ta tafi aksul ɗin baya. To yawancin ƙananan injinan da ke yawo a duniya yanzu a gicciye aka yi su, don motoci masu jan gaba, giyabos ɗinsu ba zai maka amfani ba ko kaɗan. Saboda haka ba inji kake nema ba, inji da giyabos ɗin da suka san juna kake nema.

4A-GE inji ne mai daɗi, lita 1.6, Toyota ta fito da shi a 1983 kuma shi ne a cikin Corolla AE86 mai jan baya, yana son a murɗa shi sama sosai, na ƙarshe-ƙarshensa masu bawul 20 sun kai doki 160 da ɗoriya. Matsalarsa shekaru. An daina yin sa tun farkon shekarun 2000, wanda za ka samu yanzu ya sha hannu, giyabos ɗin T50 na AE86 ya yi wuyar samu, su kuma masu bawul 20 ɗin daga motoci masu jan gaba suke, sai ka sake musu hanyar ruwa da wasu abubuwa kafin su zauna a tsaye. In kana da shi a hannu da giyabos ɗinsa lafiya lau, bismillah. In nema za ka fita, ban ba ka shawara ba.

K20 kuwa ba ƙarya, yana cikin injinan silinda huɗu mafi kyau da aka taɓa yi, ya fito a farkon shekarun 2000, bulok ɗinsa alminiyon, taimin ɗinsa sarƙa ce ba bel ba, na cikin motocin gudun Honda da ake ce wa Type R ya kai doki 200 zuwa 220 ba tare da turbo ba. Amma a gicciye Honda ta yi shi, don haka sai ka sayi farantin da zai haɗa shi da giyabos ɗin wata motar, da fulayiwil da kuloci na musamman, kuma inji ne dogo, a 'yar mota mai ƙasa-ƙasa ko dai ya turo bonet sama ko kwanon baƙin mai ya riƙa gogar titi. Kuma tunda muna kan Honda ka kiyaye, tsofaffin injinansu irin B16 da B18 juyinsu hagu ne, saɓanin yawancin injina, in ka haɗa su da giyabos ɗin jan baya na wani kamfanin sai ka wayi gari da giya biyar na ribas da ɗaya na gaba. Wanda Honda ta yi a tsaye tun asali shi ne F20C na S2000, doki 240, yana juyi har 9,000 a minti, da giyabos mai giya shida, sai dai samunsa ba sauƙi kuma masu shi sun san darajarsa.

Shi kuma mai cewa ka sa V8, na gane abin da yake hange. Tun 1962 Carroll Shelby ya ɗora V8 na Ford a 'yar motar Ingila AC Ace aka samu Cobra, kuma LS1 da ya fito a Corvette ta 1997 da doki 345 ƙarami ne in aka duba girman litarsa, bulok ɗinsa ma alminiyon ne. Amma inji da giyabos da kuloci za su kai maka kilo 250 ko fiye, alhali ɗan silinda huɗu na alminiyon da nasa giyabos ɗin kilo 150 ne da 'yan kai. Kuma ba nan abin ya tsaya ba, doki 345 zai nemi babban aksul, babbar farfela, babban lagireto, faffaɗan taya, manyan birki, babban tanki, shasi mai kaurin bututu, kowanne yana jawo ɗan'uwansa, kafin ka ankara motar kilo 600 ta koma 900. An ɗora wa jaki kayan raƙumi kenan. Ga zafin da zai riƙa dukan ƙafarka, don a irin wannan motar tsakanin ƙafar direba da giyabos ɗan falle ɗaya ne na ƙarfe. Na cikin manyan motocin ɗaukar kaya kuma, irin 4.8 da 6.0 da yawancin 5.3, bulok ɗin baƙin ƙarfe ne, sun ma fi nauyi.

In ni ne kai, Mazda MX-5 zan nema, wadda a Amurka ake ce wa Miata, ko da ta yi hatsari ko tsatsa ta cinye bodinta, in saye ta sukutum. Tun 1989 ake yin ta, inji a tsaye, jan baya, ta farko lita 1.6 doki 115, sai 1.8 mai doki 130 zuwa 140, ta uku da ta fito a 2005 kuma lita 2.0 na alminiyon mai doki 160 zuwa 170. A mota ɗaya ka samu inji, giyabos, farfela, aksul, birki, sitiyari, wayarin da kwamfutar inji, duk an yi su don juna, ba faranti ba dabara. Na 1.6 da 1.8 ɗin bulok ɗinsu baƙin ƙarfe ne, suna da ɗan nauyi, amma suna da juriya kuma ko bel ɗin taimin ya tsinke fistin ba ya dukan bawul. In ba ka samu MX-5 ba, Ford Zetec da giyabos ɗin Type 9 na tsohuwar Sierra hanya ce da masu haɗa mota a Ingila suka daɗe suna bi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai, motar da ta tashi tana tafiya da doki 130 ta fi wadda ke kwance tana jiran doki 400.

Tambaya: Ni kuma injin babur nake tunani, Suzuki Hayabusa, na ga bidiyo motar tana ihu kamar ta tsere. Ba shi ne ya fi komai rashin nauyi ba?

Amsa: Shi ne, nan kam ba gardama. Hayabusa ta fito a 1999 da cc 1,299 da doki wajen 175, ta 2008 ta koma cc 1,340 ta kusa doki 200, kuma injin da giyabos ɗinsa a haɗe suke cikin gida ɗaya, duka ba su kai kilo 100 ba. Giya shida, turawa kawai kake yi gaba ko baya ba ruwanka da neman ramin giya. Kamfanin Westfield na Ingila sun yi mota da shi suka kira ta Megabusa, kamfanin Radical ma a kansa suka gina injin motar tserensu SR3.

Amma in titi za ka hau, to saurari abin da bidiyo ba ya nunawa. Babur ba shi da ribas, sai ka ƙara wani ɗan akwatin giya a tsakiyar farfela ko ka ɗaura wata motar kik ta lantarki da za ta riƙa tura ka baya. Kulocinsa an yi shi ne don babur da bai kai kilo 300 ba ban da mahayi, yanzu ka ce ya ja kilo 500 da mutum biyu, tashi daga tsaye sai da lallami, a cunkoso kuwa za ka sha wahala shi ma ya sha, yawanci sai an sa masa sifirin masu ƙarfi. Ƙarfinsa a sama yake, can wajen juyi 9,000 zuwa 10,000, a doguwar hanya kana tafiyar kilomita 100 kacal za ka iya ganin allura a 5,000 ko 6,000, ƙarar da ta burge ka a bidiyon minti biyu ita za ka sha awa biyu a kunne. Altanetarsa ƙarama ce, fitilu da fankar lagireto da famfon mai sun kusa cinye abin da take bayarwa.

Babbar matsalar kuma wadda ke kashe injin ita ce baƙin mai. Babur in zai sha kwana kwanciya yake yi, don haka man yana nan zaune a ƙasan kwano inda bakin famfo yake. Mota ba ta kwanciya, in ka sha doguwar kwana da gudu man sai ya gudu gefe ɗaya ya hau bango, famfo ya zuƙi iska, daƙiƙa kaɗan a juyi 10,000 ba mai sun isa metal, wato 'yan ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu, ya tafi inji ya buga. Maganinsa ko dai a sa shinge a cikin kwanon da zai tare man, ko a yi masa tankin mai daban da famfon da ke kwashe man daga ƙasa yana mayarwa tankin, wanda shi ne sahihin magani amma aiki ne da kashe kuɗi. Ni dai a ganina in motar ba za ta wuce kilo 450 zuwa 500 ba kuma yawancin rayuwarta a filin tsere za ta yi, injin babur abin so ne. In ta zirga-zirgar titi ce, injin mota ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Tambaya: Malam ina da injin Corolla 1ZZ da giyabos ɗinsa na hannu a ajiye, lafiyarsa ƙalau. Na ji ka taɓa cewa injin jan gaba ba ya yi wa irin wannan motar, to shikenan sai in sayar?

Amsa: A'a kar ka sayar, wannan tambayar ta min daɗi. Abin da ba ya yi shi ne ka juya shi tsaye ka ce zai ja baya ta farfela. Amma akwai wata hanyar, ka ɗauke shi yadda yake a gicciye, da giyabos ɗinsa da shaf ɗinsa biyu, ka mayar da shi bayan kujera ya ja tayoyin baya kai tsaye. Ba sabon abu ba ne, haka Toyota da kanta ta yi MR2, ta ƙarshen da ta fito a 1999 wannan 1ZZ ɗin naka ne a cikinta, doki 138, motar ba ta kai tan ɗaya ba. Haka Elise take, da farko da injin Rover K, daga 2004 kuma ta koma injin Toyota 2ZZ mai doki 190, haka Ariel Atom take da injin Honda K20. Ka huta da farfela, ka huta da aksul daban, ka huta da ramin giyabos da ke matse ƙafa, nauyi ya ragu.

Sai dai aikin zai koma wani wajen. Wayoyin canja giya da a da suke zuwa daga bayan inji yanzu daga gabansa za su zo, sai an yi musu dabara ko giya ta juye maka. Lagireto in a gaba ka sa shi, bututun ruwa zai yi tafiyar tsawon mota zuwa da dawowa, kuma iska na son maƙalewa a ciki, dole ka yi wajen fitar da ita a inda ya fi ko'ina tudu in ba haka ba inji zai riƙa ɗaukar zafi kana neman dalili. In da ƙafafun gaban Corolla ɗin za ka yi amfani a baya, tayirod ɗin da a da ke juya taya sai an ɗaure su gam a jikin shasi, kuma inda ka ɗaure su yana da muhimmanci ƙwarai don in kusurwar ba daidai ba tayar baya za ta riƙa karkata da kanta duk lokacin da mota ta hau tudu ko ta faɗa rami. Sannan kusan kashi 60 na nauyi zai koma baya, wanda yana da daɗi wajen tashi da birki, amma in ka shiga kwana da gudu ka tsorata ka ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya, bayan motar zai iya wuce gabanta. Wannan sai an koya a fili mara mutane, ba a titi ba.

Abu ɗaya game da 1ZZ, na shekarun farko an san su da shan baƙin mai saboda ringin fistin, ka duba naka kafin ka gina mota a kansa. Masu ɗan 1NZ na Yaris ma, lita 1.5 doki 105 zuwa 109, kar su raina shi, bai da nauyi kuma a motar kilo 550 zai ba da mamaki.

Tambaya: Me zai hana in ɗauki sabon ƙaramin inji mai turbo, irin Ford EcoBoost 1.0? Ƙarami ne kuma yana da ƙarfi.

Amsa: A takarda ya yi kyau, silinda uku, lita ɗaya, doki 125, tun 2012 yake kasuwa. Amma ƙanƙantar lita ba ita ce rashin nauyi ba, bulok ɗinsa baƙin ƙarfe ne, ka ƙara turbo, ka ƙara na'urar sanyaya iskar da turbo ya matsa da bututunta, sai ka ga abin da ka rage ba shi da yawa. Bel ɗin taimin ɗinsa a cikin baƙin mai yake wanka, in ba a sa man da ya dace ba yana marmashewa ya toshe matatar famfo.

Wahalar gaske kuma tana wajen wayarin. Sababbin injinan nan nozul ɗinsu cikin silinda yake fesa mai kai tsaye da matsi mai yawan gaske, kuma kwamfutarsu, wadda makanikai ke ce wa birenbos, ba ta yarda ta yi aiki ita kaɗai, sai ta ji muryar makulli, ta ji ta dashbod, ta ji ta kwamfutar birki, in ɗaya ya ɓace ko ta ƙi tashi ko ta riƙe ƙarfi. Akwai kwamfutoci masu zaman kansu da ake saya a ɗaura, irin Megasquirt, Speeduino, Haltech da Link, suna aiki sosai a injin da ke fesa mai ta hanyar iska irin na da, amma masu iya tafiyar da fesa-cikin-silinda kaɗan ne kuma sai ƙwararre ya zauna ya saita. Alhali irin wannan motar sauƙi ake nema a cikinta.

Akwai kuma yadda turbo ke kawo ƙarfi. Inji mara turbo gwargwadon yadda ka taka gwargwadon yadda zai ba ka, ƙafarka ta san abin da ke zuwa. Mai turbo yakan ɗan yi jinkiri sannan ya zubo ƙarfin gaba ɗaya, a motar tan ɗaya da rabi mai kwamfutar hana sulɓi ba ka ma ji, amma a motar kilo 550 da ba abin da ke tsakaninka da taya sai ƙafarka, in ya zubo a tsakiyar kwana kuma titi da ruwa, labari ya canja. Ni injinan tsakanin 1990 da 2008 marasa turbo nake so wa wannan aikin, sun wuce zamanin kafireto amma ba su kai zamanin da komai sai ya nemi izinin kwamfuta ba.

Tambaya: Rotari na Mazda fa?

Amsa: Injin rotari na Mazda, 13B, wanda ba fistin a cikinsa sai roto mai kusurwa uku da ke juyawa, ɗan dunƙule ne, gajere, yana zama ƙasa sosai, a tsaye aka yi shi da giyabos ɗinsa, na cikin RX-8 ya kai doki 230, kuma Mazda ta ci tseren Le Mans na 1991 da rotari. Amma yana shan fetur, yana ƙona baƙin mai da gangan don haka aka tsara shi, salansarsa zafi ne da ita fiye da ta sauran injina, kuma 'yan ƙarafan da ke bakin kusurwar rotonsa in suka cinye sai an wargaza inji duka. An daina RX-8 tun 2012. In ba ka da wanda ya san cikinsa a kusa da kai, bar shi.

Tambaya: Injin dizal ba zai yi ba? Na ga yana da ƙarfin ja kuma ba ya shan mai.

Amsa: Zai tafi da motar, amma ya yi nauyi, juyinsa ya ƙare tun wajen 4,500, kuma ƙarfin jan kaya ba shi ne abin da motar kilo 600 ke buƙata ba.

Tambaya: Ni ɗaliba ce ina karantar injiniyanci, ni da 'yan ajinmu muna son mu yi irin wannan motar amma ta lantarki, tunda ba giya ba kuloci ba lagireto babba, muna ganin ta fi sauƙi. Mene ne ra'ayinka?

Amsa: Allah ya yi albarka 'yar'uwa, tunanin yana da kyau kuma rabinsa gaskiya ne. Motar lantarkin ita kanta, wato abin da ke juya tayar, ƙarama ce kuma ƙarfinta na zuwa tun daga tsaye. Inda gizo ke saƙar shi ne batir. Ki duba Tesla Roadster ta 2008, a kan tsarin shasin Elise aka gina ta, batirinta kaɗai wajen kilo 450 ne, motar ta haura kilo 1,200, alhali Elise mai fetur ta lokacin ba ta kai tan ɗaya ba. Nissan Leaf ta farko batirinta na kWh 24 ya kusa kilo 300. Ki gwada da fetur, lita 30 kilo 22 ne kawai, kuma yana raguwa kina tafiya, shi batir ko ya cika ko ya ƙare nauyinsa ɗaya.

Don haka ku fara yanke shawarar nisan da kuke so. In kun yarda da gajeren zango, ɗan ƙaramin batir a shimfiɗe a ƙasa tsakiyar mota, za ku samu abu mai daɗin tuƙi da bai yi nauyi can ba. In kuka ce sai kilomita 300, kun bar zancen mara nauyi kenan. Kuma ina roƙonku da babbar murya, batirin irin waɗannan motocin volt 300 zuwa 400 ne, yana kisa nan take, kar ɗayanku ya buɗe shi sai da malamin da ya san aikin a tsaye a wajen, da safar hannu ta wuta, da fis da makashin da ke raba batir da mota, da kwamfutar da ke lura da zafi da cajin kowace ƙwayar batir.

Tambaya: Na yanke shawara, tsohon inji mai silinda huɗu zan saya. Me zan duba kafin in biya?

Amsa: Zuwa da kai ya fi aike, kuma in da hali ka saye shi yana cikin motarsa ka ji tashinsa da sanyi, don inji mai matsala da safe yake faɗin gaskiya, in an riga an ɗumama shi kafin ka zo ka dawo gobe. Buɗe murfin baƙin mai ka leƙa, in ka ga wani abu fari-fari mai kauri ya manne a ciki ruwa na iya haɗuwa da mai, gaskit ke nan ake zargi, injin Rover K ma da wannan ya yi suna duk da rashin nauyinsa. Cire fulogi huɗun ka jera su, launinsu ya zama ɗaya, wanda ya fita daban baƙi da maiƙo ko fari tas kamar an wanke shi, silindarsa na da magana. Sa geji ka gwada matsin kowace silinda, ba yawan lambar ne kaɗai abin dubawa ba, kusancinsu da juna ne, in ɗaya ta yi ƙasa da sauran da fiye da kashi 10 cikin 100 ka sake tunani. Araha ba ta ado.

Sannan kar ka ɗauki inji tsirara. Ka haɗo da wayarin ɗinsa duka ba a yanke ba, birenbos, makulli da zoben da ke karanta makullin, sensa-sensa, kik, altaneta, fedar totur in ta waya ce, da giyabos na hannu da fulayiwil da kuloci, don in daga mota mai giyar otomatik ya fito waɗannan ukun sai ka neme su daban. Ka je da tef ka auna tsayinsa daga ƙasan kwanon mai zuwa saman murfi, da faɗinsa, ka duba ta wane gefe salansa ke fita ta wane gefe kuma sandar sitiyarinka za ta bi, don su biyun suna yawan rigima a kan waje ɗaya. Kuma in kai za ka yi shasin, inji da giyabos su fara zuwa ka ajiye su a ƙasa a kan katako daidai tsayin da kake so, ka tura su baya iya yadda ƙafarka za ta bari, sannan ka gina bututu kewaye da su. Masu fara walda kafin inji ya zo su ne ke yankawa su sake.

Takardu ma ka riƙe, rasit da lambar inji da shaidar shekarar da aka yi shi. Kowace ƙasa da dokarta kan motar haɗin hannu, a Birtaniya misali akwai gwajin IVA, wato binciken da hukuma ke yi wa irin wannan motar kafin rajista, tun 2009 kuma shekarun injin na cikin abin da ke nuna irin gwajin hayaƙin da za a yi maka, don haka ka je hukumar rajistar motoci ta inda kake ka ji sharuɗɗansu tun kafin ka sayi komai. Tankin mai kuma a yi masa shinge a ciki don famfo kar ya zuƙi iska a kwana, bututun fetur ya bi nesa da salansa, ka ɗaura abin kashe gobara inda hannunka zai kai kana zaune da bel a ɗaure.